Gyaran Murya a Tashar Jugu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe ban-ɗakin tashar motar Jugu ba, ko da kuwa tsufa zai kwashe sauran abin da ke cikin kaina. Na koyar da ɗalibai shekara da shekaru, na yi rubuce-rubuce a kan yadda garuruwanmu ke girma, na zauna a irin tarukan nan da ake ajiye wa mutum ruwan kwalba da sunansa a gabansa. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba na jin nauyin faɗa. Amma abin da ya sa aka san ni a arewacin ƙasar nan ba ya cikinsu.

Ni ɗan Paraku ne, a Zongo aka haife ni, gidan fataken goro. A nan na yi lakwal, wato makarantar boko, na gangara Kwatano na yi jami'a, daga can gwamnati ta tura ni wata ƙasa mai sanyi na ƙaro karatu a kan ilimin zaman jama'a, wanda ake ce wa sosiyoloji. Na dawo gida a farkon shekarun tamanin, juyin juya hali yana kan ganiyarsa. Jam'iyya ɗaya ce a ƙasa, tuta koriya mai jan tauraro, kuma kowa Kamarad ne, tun daga minista har mai gadi. In ka ɗaga tarho a biro, wato ofis, ba ka fara da gaisuwa, sai ka ce "Prêt pour la révolution," na ɗaya gefen ya amsa "La lutte continue," wato a shirye muke domin juyin juya hali, gwagwarmaya na ci gaba. Sannan ku shiga maganar da ta haɗa ku, ko da ta tayar ɗan babur mobilet ce da ta yi faci.

Aiki biyu aka ba ni a Paraku. Da safe ina biron tsara gari, inda ake zana ta inda titi zai bi da inda kasuwa za ta zauna. Da yamma kuma ina koyar da manyan ɗalibai masu shirin zama malaman makaranta, wasunsu ma sun girme ni. Na kama ɗaki a unguwar Albarika, na sayi mobilet, na ajiye ɗan gemu mai tsini irin wanda nake gani a hotunan da ke rataye a bangon biro. Mahaifiyata, Inna Mairo, ta sha tambayata wane irin aiki ne nake yi takamaimai. Ranar da na ce mata ina nazarin yadda mutane ke zama da juna ne, sai ta ce, "Af, ai mu ma shi muke yi kullum a tsakar gida." (Ban yi dariya ba. A wancan lokacin ba na yawan dariya, gani nake ba ta dace da gemun ba.)

Jugu ba a lardinmu take ba, amma ba su da mai irin karatuna, sai suka aro ni. Matsalarsu ta tashar mota ce. Tashar Jugu mahaɗa ce, motoci na shigowa daga Paraku, daga Natitingu, daga bakin iyakar Togo, ga manyan kamiyo ɗauke da doya da auduga, ga direbobi 'yan Nijar da 'yan Nijeriya da ke yada zango. Duk wannan jama'a, babu ban-ɗaki ko ɗaya. Wanda ya matsu sai ya zaga bayan wata tsohuwar katanga a ƙarshen tasha. Halin da bayan katangar nan ke shiga da damina kuwa, bari in bar shi, ƙila kana cin abinci.

Na yi aikin nan tsakani da Allah. Na zauna a tashar, na yi hira da direbobi da Hausa, na yi da mata 'yan kasuwa da ɗan Dendin da nake iyawa, yaren garin ke nan, na bi na duba inda rijiyoyi suke da inda ruwan sama ke gangarawa. Rahoton da na rubuta har yau ina alfahari da mafi yawansa: ramin ya yi nisa da rijiya, iska ba ta kaɗo wari zuwa rumfunan abinci, kuma na tabbatar mai tsugunawa bai fuskanci alƙibla ba, don kada limamai su hana mutane shiga. Abu biyu ne kawai na ƙara daga cikin kaina. Na farko, na ce ƙofofin su dubi filin tasha sosai, don baƙo ya hango su ba sai ya tambaya ba. Na biyu, na ce kada a sa sakata ta ciki, saboda na karanta cewa a wasu manyan birane marasa wurin kwana kan kulle kansu a irin waɗannan wurare. (Ban taɓa ganin wanda ya rasa wurin kwana a Jugu ba, amma dai na karanta.)

Gini ya kai ƙugu sai ga Hajiya Barira ta zo dubawa. Ita ce shugabar mata masu sayar da abinci a tashar, mace mai jiki da murya, tana da kamiyo nata na kanta, kuma tare suka yi aikin Hajji da Inna. Ta zagaya ginin a hankali tana riƙe da gyalenta, sannan ta tsaya a gabana.

"Ɗana, ƙofofin nan ina za su duba?"

"Fili, Hajiya. Don kowa ya gan su."

"Kowa zai gan su, haka ne. Kowa kuma zai ga mai shiga." Ta nuna mini bencin mai shayi da haɓarta, inda 'yan kamasho ke zaune suna kallonmu. "Yanzu ni Barira, in taso daga rumfata da buta a hannu, in ratsa ta gaban surukina yana shan shayi, in shiga, in fito, ya ce mini sannu?"

Na gyara tsayuwa. Na yi mata bayani, a tsanake kamar ina cikin aji, cewa buƙatar jiki ba abin kunya ba ce, minista na yi, lebura na yi. Na ce irin wannan kunyar ragowar tsohon zamani ce, kuma sabuwar al'ummar da muke ginawa za ta wuce wurin. Ina jin har "wayewar kai" na ambata.

Ta saurare ni har na gama. Ta dubi gemuna na ɗan lokaci, ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Ka gaida Mairo."

Na ɗauka na yi nasara.

Aka gama gini cikin bazara, aka sa ranar buɗewa, aka ce shugaban gunduma da kansa zai yanka ƙyalle. Kamarad Shef muke ce masa. Soja ne, dogo, mai kauri, mai gashin baki, ba a cika ganin haƙoransa ba. Ni kuwa na ga dama ta samu ta nuna wa ɗalibaina yadda ilimi ke tashi daga takarda ya zama siminti, sai na nemi izini na kwaso su a bayan kamiyo tun daga Paraku. Na sa kwat ɗin da na sayo a ƙasar sanyi, mai kauri kamar bargo, na ɗaura karabat a wuya irin na Turawa. Hanyar lokacin jar ƙasa ce, mota na tafe tana girgiza mutum har hanji. A wani ƙauye da muka tsaya na sayi mangwaro na sha son raina, a wani kuma na ci tsire.

Da muka isa, Hajiya Barira ta tarbe mu kamar ba mu taɓa yin musu ba. Ta sa aka shimfiɗa mana tabarmi a rumfarta, aka kawo wasa-wasa, wato dambun garin doya, yana turiri, da soyayyen wagashi, cukun nan na Fulani, da mai da yaji, ga fura da nono a babbar ƙwarya. Ɗalibai, waɗanda ke ce mini Mushe, wato Malam da Faransanci, suka zuba mini ido su ga ko Mushen da ya zauna ƙasar Turawa zai nemi cokali. Na naɗe hannun kwat na sa hannu. Na ƙara yaji. Aka ce a ƙaro, na ce a ƙaro. Na bi da fura har sai da karabat ya matse mini wuya. (Ina so a rubuta wannan: abincin Hajiya ba shi da laifi. Ɗalibaina duk sun ci, ba wanda ko kansa ya yi ciwo. Haɗin da ni na yi ne tun daga hanya.)

Muka zauna jiran Shef. Rana ta take. 'Yan makaranta sun yi layi da ƙananan tutoci, makaɗa sun ɗaure ganguna, an girke tebur da lasifika a gaban ginin. Ginin nan kuwa ya sha farar ƙasa yana ƙyalli, an ja jan ƙyalle daga wannan kusurwa zuwa waccan, an kewaye ƙofar farko da ganyen giginya. Ina tsaye ina kallonsa kamar uba na kallon ɗansa ranar suna, sai na ji cikina ya yi wata ƙara. Na ce ba komai. Ya sake yi, wannan karon da murɗa. Gumi ya keto mini, ba irin na rana ba.

Ina cikin wannan hali wani ya taho a kan moto, wato babur, yana ihu, ga motocin Shef nan sun kusa mararraba. Nan take tasha ta watse. Makaɗa, 'yan makaranta, mata, 'yan kamasho, ɗalibaina, har mai shayi, kowa ya ruga tarbo. Kafin in ankara ni kaɗai ne a filin nan, sai awaki.

Na yi lissafi cikin sauri, irin na mai ilimi. Gidan Hajiya yana can cikin gari, ba zan kai ba. Bayan tsohuwar katanga kuwa, a ce yau, ranar da ake bikin rufe tarihinta, a iske mutumin da ya rubuta rahoto a kanta tsugune a can da karabat? Saura wuri ɗaya. Ga shi nan a gabana, sabo fil, ba kowa, kuma in ana maganar haƙƙi, wa ya fi ni? Na sunkuci butar mai shayi daga ƙarƙashin benci, na sunkuya ta ƙasan jan ƙyalle, na faɗa ƙofar farko na jawo ta. Na ce kafin su gama gaishe-gaishe a mararraba na fito.

Ashe Shef ba ya tsayawa gaisuwa.

Ban daɗe da shiga ba na ji ganguna na matsowa. Na kai hannu in sa sakata, hannuna ya shafi katako sumul. A nan ne na fara tuna wanda ya ce kada a sa ta. Ƙofar kuwa ta waje take buɗewa, ba abin riƙewa daga ciki sai wani katako da aka gicciya. Na damƙe shi da hannu ɗaya, na ƙarasa abin da ya kawo ni da ɗayan yadda Allah ya nufa, na kimtsa, na miƙe. Kafin nan fili ya cika.

Akwai ɗan tsagi tsakanin katakan ƙofar. Na sa ido. Wallahi tsarin ya yi daidai yadda na zana shi: daga inda nake ina ganin tasha gaba ɗayanta, tun daga teburin manya har bencin mai shayi, kuma duk fuskar da ke wurin ƙofata take kallo.

Aka yi taken ƙasa, na ƙame a ciki, hannu ɗaya a kan katako. Aka fara jawabai. Delege, wato mai unguwa, ya yi nasa, wakilin direbobi ya yi, wakiliyar mata ta yi. Kowane jawabi da Faransanci ake yi, sannan tafinta ya mayar da Dendi, ya sake mayarwa da Hausa, don haka komai sau uku nake jin sa. Rufin kwano ya ɗauki zafi, kwat ɗin ƙasar sanyi ya shiga aikin da aka ɗinka shi domin shi. Gumi na bin bayana yana sauka cikin takalmi. Duk da haka ban karaya ba. Na ce ai manya ba su shiga irin wannan wuri, ƙyalle kawai zai yanka, a yi tafi, a wuce wajen cin abinci, ni kuma in sulale.

Sai na ji an ce, "Yanzu za mu saurari Kamarad masanin zaman jama'a, wanda ya zo mana daga Paraku."

Aka yi tafi. Tafi ya ƙare. Ta tsagin nan na ga ɗalibaina suna waige-waige. Aka sake kira. Shef ya dubi agogonsa, ya dubi delege. Delege ya matso ga lasifika yana murmushin dole ya ce, "Da alama Kamarad ya ɗan zaga duba wani ɓangare na aikin." (Ban taɓa jin mutum ya yi ƙarya ta zo daidai da gaskiya haka ba.)

Shef ya tashi ya yi nasa jawabin, gajere. Ya karɓi almakashi ya datse ƙyalle. Ganguna suka ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa. Na sauke ajiyar zuciya.

Sai na ga takalma baƙaƙe masu ƙyalli sun tsaya a ƙasan ƙofata.

Shef ne. Ya ja. Na riƙe. Ya sake ja da ɗan ƙarfi, na sa hannu na biyu, butar tana rataye a yatsana. Ya ja ta uku irin jan soja, na tokare ƙafa da bango. Ban san ina da ƙarfi haka ba sai ranar. Ƙofa ta yi ƙara amma ba ta buɗe ba. Ganguna suka fara lafawa ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya yi ƙofar nan?" in ji Shef.

Aka turo Baba Imoru gaba. Shi ne kafintan da ya yi mana ƙofofin, dattijo ne siriri, ya sa sabuwar riga saboda bikin. Ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe... Kamarad... wallahi da safen nan na buɗe ta na rufe, lafiyarta lau."

"To jama'a sun taru, gwamnati ta zo buɗe aiki, ƙofa ta ƙi buɗewa. Me ake kiran wannan?"

Wani daga bayan Shef, irin masu son a ji muryarsu, ya ce, "Sabotage."

Wanda bai rayu a lokacin ba ba zai san nauyin kalmar nan ba. Ma'anarta zagon ƙasa ga juyin juya hali, kuma in ta hau kan mutum, mota ce ke zuwa ta ɗauke shi, iyalinsa su yi ta kai abinci ƙofar da ba a gaya musu ko yana ciki ba. Ta tsagin na ga jandarma ya matso ya kama hannun rigar Baba Imoru. Hularsa ta faɗi ƙasa, bai ko sunkuya ya ɗauka ba. Leɓensa na motsi, ina jin salati yake.

Zan so in ce nan take na buɗe. A'a, sai da na ɗan tsaya ina auna sunana da digirina da gemuna a gefe guda, Baba Imoru a ɗaya gefen. Amma ban daɗe ba, wannan kam zan faɗa da bakina. Matsalar ita ce yadda zan sanar da su. Duk karatun da na yi a ƙasar sanyi bai goge tarbiyyar Inna ba: ba a magana a ban-ɗaki. Abu ɗaya ɗan Musulmi ke yi in an taɓa ƙofa yana ciki.

Na yi gyaran murya.

Abin da ban sani ba, mai kula da lasifika ya biyo Shef da makirfo har bakin ƙofa, yana jan doguwar waya, don kada kalmar da zai faɗa ta ɓace wa jama'a. Gyaran muryar nan tawa ta fita ta lasifika, ta ratsa tashar Jugu tun daga wannan ƙarshe har wancan. An ce har a bakin kasuwa an ji.

Can wata tsohuwa ta ce, "La'ilaha illallahu! Da mutum a ciki!"

Na saki katako. Shef kuwa bai saki hannun ƙofa ba, yana kan ja. Ƙofa ta wangale, ya yi baya taga-taga ya faɗa jikin delege. Ga ni tsaye: kwat jiƙe sharkaf, karabat ya karkace, buta a hannun hagu.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka muna kallon juna ni da mutanen Jugu ba. Na ga 'yan makaranta da tutocinsu a sama sun manta su sauke. Na ga ɗalibaina, wata ta toshe baki da littafi. Na ga Hajiya Barira a sahun gaba, fuskarta ba ta nuna komai ba. Na san in na sunkuyar da kai na mutu. Sai na ɗaga haɓa, na haɗa ƙafafu, na ce da Faransanci, da muryar da nake koyarwa da ita:

"Kamarad Shef, na gwada shi. Yana aiki."

Tafintan nan, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai riƙon aiki. Tun safe duk abin da aka faɗa yake fassarawa, bai ga dalilin tsayawa yanzu ba. Ya karɓi makirfo ya faɗa da Dendi. Ya sake faɗa da Hausa: "Ya ce ya gwada, wai yana aiki."

Tashar nan ta fashe. Ban taɓa jin dariya irin wannan ba, kafin ranar ko bayanta. Direbobi na dukan jikin motoci, mata sun riƙe juna, wani makaɗi ya kwanta a kan gangarsa. Ni dai idona na kan Shef, don dariyar jama'a ba ta hana mota zuwa. Ya miƙe, ya kakkaɓe kakinsa, ya dube ni daga gemu har buta. Sai na ga gashin bakinsa na rawa.

Ya fizgi makirfo. "Kamarad! Kun ga bambancin ɗan juyin juya hali da ɗan zaman biro? Wani a takarda yake gwada aikinsa. Wannan da kansa ya shiga!" Ya juyo ya miƙo mini hannu mu gaisa, idonsa ya sauka a kan butar, ya janye hannun a hankali ya sara mini irin ta soja. "Prêt pour la révolution!"

"La lutte continue!" in ji jama'a, rabinsu na share hawaye.

Jandarma ya saki Baba Imoru, har ya ɗauko masa hularsa.

Kana iya cewa nan abin ya ƙare, amma mafi wuyar yana gaba, don butar ba tawa ba ce. Dole na ratsa filin nan a ƙafa, mutane na darewa suna ba ni hanya, har bencin mai shayi. Na ajiye ta inda na ɗauka. Mai shayi ya dube ni cike da ladabi ya ce, "Sannu, Mushe." 'Yan kamashon da ke kan benci su ma suka ce, "Sannu, Mushe." Wannan sannun ta fi dariyar ciwo. Na juya sai muka yi ido huɗu da Hajiya Barira. Na shirya jin duk abin da za ta faɗa, don ta cancanci faɗarsa. Ta gyara gyale ta ce, "Ɗana, a ƙaro fura?"

A hanyar komawa ba wanda ya yi magana a bayan kamiyo. Ɗalibaina mutanen kirki ne, kowa ya sami abin kallo a daji. Mun yi nisa sosai sannan wani daga can baya, har yau ban san ko wane ne ba, ya yi ɗan gyaran murya. Direba sai da ya tsaya a gefen hanya don ya ji ihu ya ɗauka wani ne ya faɗo. Na dube su, na ga ba mafita, na shiga dariyar nan ni ma har cikina ya sake gargaɗina.

Labari kuwa ya riga mu isa Paraku, don motocin haya sun fi kamiyonmu gudu. Da na biya gida Zongo gaida Inna, na iske ta riga ta dafa ganyen gwaiba ta tace a kofi. Ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. "Sha. An ce zawo ne." Da na kai rabi ta ƙara da cewa, "Ka dai wanke hannu kafin ka gaisa da sojan?"

Cikin makon na koma Jugu a kan mobilet ɗina, ba wanda ya aike ni. Na rubuta ƙarin bayani a kan rahotona, na nemi a ja katanga a gaban ƙofofin, a fitar wa mata hanyarsu ta baya wajen rumfuna, a sa sakata a kowace ƙofa. Ba a taɓa amincewa da wata takarda tawa da sauri kamar wannan ba. Shef ya sa hannu yana kallon silin, gashin bakinsa na rawa. Daga nan na wuce wurin Baba Imoru in ba shi haƙuri. Na iske shi cikin tulin katako, aiki ya yi masa yawa. Ya ƙi ma bari in gama.

"Haba Mushe, ai alheri ka yi mini. Duk garin nan an ga soja ya ja ƙofata da ƙarfinsa ba ta ɓalle ba. Yanzu kowa irinta yake so." Ya dubi hannuwana ya girgiza kai. "Amma kai ma, ashe ba a banza kake cin wasa-wasa ba."

Sunan da aka laƙaba mini, Mushe Yana-Aiki, ya bi ni har jami'a da na koma koyarwa, ya tsallake juyin juya halin kansa, don an daina ce wa mutane Kamarad amma ba a daina ce mini shi ba. Da na ga haka sai na riƙa ba sababbin ɗalibai labarin da kaina a darasin farko, kafin su ji shi a bakin wasu da ƙari. (Akwai ruwayar da ke cewa na yi barci a ciki. Ƙarya ce.) In sun gama dariya nakan ce musu: duk abin da za ku zana wa mutane, ku shiga cikinsa tukuna, ku ja ƙofa, ku leƙo waje ku ga abin da mai shiga zai gani. Suna rubutawa, har a jarrabawa suna maido mini da shi.

Wannan darasin na ɗalibai ne. Nawa na kaina daban yake, kuma ban taɓa saɓa shi ba. Tun daga ranar, duk inda aka gayyace ni buɗe wani gini, ko makaranta ce ko gada, da azumin nafila nake tashi. Abokan aiki suna ta cewa Mushe ya zama mutumin ibada. Ban taɓa musa musu ba.